Tsokaci a Kan Mutuwar Kalma: Daga Bargar Ingila Zuwa Wagini

A tsohon Ingilishi akwai kalmar *vives*, wadda wasu ke furtawa *fives*, watau kumburin da kan fito wa doki a ƙarƙashin kunne. Yau da wuya a sami Baturen da ya san ta, amma tarihinta bai ɓace ba. Manazarta sun bi sawunta zuwa *avives* ta Faransanci, daga nan zuwa *adivas* ta Sifaniyanci, har suka tuƙe da ita ga Larabci, *az-zi'iba*, macen kyarkeci. Shakespeare ma ya ambace ta cikin jerin cututtukan wani doki a wasansa *The Taming of the Shrew*, wanda aka buga a 1623.

Abin lura shi ne, an iya wannan bin diddigi ne saboda babban ƙamus na Oxford, wanda ya fito tsakanin 1884 da 1928, yakan kawo kowace kalma da misalai masu shekara. A nan ne namu ƙamusoshin suka gaza. Bargery, a 1934, ya yi namijin ƙoƙari wajen tattara kalmomin doki, yakan kuma nuna aro daga Larabci ko karin Katsinanci. Sai dai shi da Abraham ba su bi kalma shekara da shekara ba. Mun san linzami da sirdi da likkafa Larabci ne asalinsu, amma ƙamus ba ya gaya mana lokacin da suka shigo, balle ta wace hanya.

Sunayen cututtuka sun fi shiga haɗari, domin a bakin masu jinyar dawaki suke zaune, ba a fada ko waƙa ba. Sammore ta rayu ne don tsando bai daina cizon shanu ba. Wadda ta keɓanta ga doki kuwa, da ta rasa barga ta rasa mafaka. A Wagini ta ƙasar Batsari babur ya karɓe aikin doki, rashin tsaro a kewayen dajin Rugu kuma ya tarwatsa dattawa da yawa.

Saboda haka ya kamata ɗalibanmu masu neman babban digiri su nemi waɗannan dattawa, su rubuta kowace kalma da alamomin cutar, da garin da aka ji ta, da shekarar.