Majalisar Shawara ta Hamadar Kalifoniya: Amfaninta da Aibinta

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Wannan gaskiya ne, amma ba su faɗi yadda za a yi ba in ɗakin na mutum dubu ne, kowa kuma yana nuna saitin shimfiɗarsa ya ce nan ne ruwa ke zuba. Irin wannan ɗaki ita ce hamadar da ke yammacin Amurka. Yawancinta ba gonar kowa ba ce, ƙasar Gwamnatin Tarayya ce, watau ta jama'a duka. Hukumar Kula da Filayen Gwamnati tana riƙe da eka wajen miliyan 245, galibinsu a busassun jihohin yamma, alhali kuwa manyanta suna zaune a Washinton, nisan mil fiye da dubu biyu. Sabo da haka tilas ta nemi hanyar jin bakin mutanen wurin. Hanyar da ta ɗauka ita ce ta majalisun shawara, kuma ya kamata a auna ta a ga inda ta yi daidai da inda ta gaza.

Asalin maganar tsoho ne. A shekara ta 1878 wani masani, John Wesley Powell, wanda ya bi Kogin Kolorado cikin kwale-kwale a 1869, ya miƙa wa Gwamnati rahoto a kan busassun ƙasashe. Ya nuna cewa inda ruwan sama bai kai inci 20 a shekara ba, noma ba ya yiwuwa sai da ban ruwa, kuma eka 160 da doka ke ba mai neman gona ba ta isa ta ci da iyali a can ba. Ya ba da shawara a ba makiyayi eka 2,560, a kuma yarda mutum tara ko fiye su haɗu su tsara wa kansu dokokin ruwa da na kiwo. Majalisar Dokoki ba ta karɓi wannan ba. Aka bar dawa a sake, kowa ya kora garkensa ya riga ɗan'uwansa ga ciyawa, har ƙasa ta yi sanƙo.

Sai a 1934, shekarar da guguwar ƙura ta tashi daga filayen tsakiyar ƙasar ta kai har Washinton, aka yi dokar kiwo da a ke kira Dokar Taylor. Aka rarraba dawa gunduma gunduma, ko wace gunduma aka yi mata majalisar shawara wadda masu shanu da masu tumaki ke zaɓa daga cikinsu. A 1939 doka ta tabbatar da su: makiyaya biyar zuwa goma sha biyu, da mutum ɗaya tak mai magana da yawun namun daji.

Waɗannan majalisu suna da ƙarfi ƙwarai, don ma'aikata kaɗan ne, su kuwa sun san ko wace rijiya da ko wane kwari. Amma fa an ba kura ajiyar nama. Wajen rabon izinin kiwo aka fifita wanda ke da fili nasa na kansa da mashaya tasa, aka kori masu tumaki da ke yawo da garkensu ba su da ko taƙi. Kuɗin kiwo ya tsaya a senti 5 kan ko wace saniya a wata, daga 1936 har shekara goma. Da Hukumar Kiwo ta nemi ƙari, sai Majalisar Dokoki ta zaftare mata kuɗin aiki a 1946, a shekarar nan kuma aka haɗe ta da Ofishin Filaye, aka sami Hukumar da a ke da ita yanzu. Abin ya kai har majalisun makiyaya suka riƙa biyan albashin waɗansu ma'aikatan da aka ɗora don su tsare makiyayan. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wani malamin ilmin mulki, Phillip Foss, ya bayyana wannan sarai a cikin littafin da ya buga a 1960.

Dokar 1976 ta zo da gyara. Ta ce filayen nan za su zauna a hannun Gwamnati, kuma ba don kiwo kaɗai ba. Ta ce a kafa majalisun shawara masu wakilai 10 zuwa 15 daga sana'o'i dabam dabam. Har ila yau ta keɓe hamadar Kalifoniya, eka wajen miliyan 25, ta umurci Hukuma ta tsara yadda za a sarrafa ta tare da shawarar jama'a. An gama tsarin a 1980. Majalisar Shawara ta Hamada tana da kujeru 15. A 1995 aka bazu da irin wannan tsari a sauran jihohin yamma, aka kasa wakilai kashi uku: masu cin abinci daga ƙasar, kamar makiyaya da masu haƙar ma'adinai, masu son a kiyaye ta, ita da namunta da kufayenta, sa'an nan zaɓaɓɓun shugabanni, da malamai, da wakilan kabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, da sauran jama'a. A waɗannan majalisu shawara ba ta wucewa sai mafi yawan ko wane kashi sun yarda.

Lalle akwai abin yabo a nan. Ba a biyan wakilai albashi, sai kuɗin tafiya. A kan yi shelar ranar taro tun da wuri, ƙofa a buɗe ta ke, ko wane talaka yana iya tashi ya faɗi albarkacin bakinsa, a kuma rubuta abin da aka tattauna. Mai babur da ke son sukuwa a rairayi da malamin da ke ƙidayar kunkuru su kan shiga mota ɗaya su je su ga wurin da su ke jayayya a kansa. Wanda ya ga sawun taya a kan ramin kunkuru da idonsa, da wanda ya ga garin da kasuwarsa ta dogara ga masu babura, ba za su koma su yi magana kamar da ba. Wannan amfani ne babba, ko da ba a rubuta shi cikin doka ba.

Amma aibin tsarin uku ne. Na fari, wanda a ke ba shawara shi ke zaɓen masu ba shi. Sakataren Harkokin Cikin Gida, watau Ministan da Hukuma ke ƙarƙashinsa, shi ke naɗa wakilai na shekara uku. In ya yi jinkirin cika gurabu, sai majalisa ta rasa adadin da zai halatta mata yanke shawara, ta mutu a tsaye ba wanda ya kashe ta. A watan Mayu na 2017 Sakatare Ryan Zinke ya dakatar da tarurrukan majalisu da kwamitoci fiye da 200 da umurni guda, wai sai an bincika su. Shawarar da a ke iya tsayar da ita ran da aka ga dama, aro ce, ba hakki ba.

Na biyu, manyan al'amura ba a ɗakin majalisa a ke yanke su ba. Tseren babura daga Barstow zuwa Las Begas, wanda a 1974 ya tara mahaya wajen 3,000, an hana shi, aka sake yarda da shi a 1983, amma abin da ya kashe shi bayan 1989 shi ne sa kunkurun hamada cikin dabbobin da doka ta tsare. Waɗanda tsarin 1980 bai gamsar da su ba kuwa ba su ɓata lokaci ba, suka nufi Majalisar Dokoki. Sanata Alan Cranston ya gabatar da ƙudurinsu a 1986, Sanata Dianne Feinstein ta kai shi gaci a 1994, aka ɗauke babban yanki na hamadar Mohabi daga hannun Hukuma aka ba Hukumar Gandun Daji. Kabilar Timbisha ma, wadda ta zauna a Kwarin Mutuwa tun kafin zuwan Turawa, ta wajen doka ta sami filinta a shekara ta 2000. Mai lauya da mai kuɗi sun san hanyar kotu da ta Washinton. Wanda ba shi da ko ɗaya shi ke zama a majalisa.

Na uku, shi ne mafi nauyi, Hukuma tana iya jin shawara ta yi godiya ta wuce. Gaskiya ne ƙa'idodin 1995 sun buɗe wata 'yar ƙofa: in majalisa ta ga ana watsi da shawararta ba dalili, tana iya neman Sakatare ya ba ta amsa cikin kwana 60. Amma sai duk wakilai sun yarda baki ɗaya, kuma amsar ba a ɗaukaka ƙara a kanta. To, yaushe mai haƙar ma'adini da mai tsaron kunkuru za su haɗa baki su goma sha biyar, ba ko ɗaya da ya noƙe? An gina ƙofa, an rataya mabuɗin inda hannu ba ya kaiwa.

Wani zai ce maganin abin a ba majalisa ikon yanke hukunci. Tarihin majalisun makiyaya ya isa amsa. Hamadar nan ta mutumin gabas ce kamar yadda ta ke ta mazaunin Barstow, ta kuma waɗanda ba a haifa ba tukuna, mutum goma sha biyar kuwa ba su isa su sayar da rabon waɗannan ba. Sawun mota a busasshiyar ƙasa ya kan shekara da yawa bai ɓace ba. Har yau ana ganin sawun motocin yaƙin da sojan Janar Patton suka yi rawar daji da su a can tun 1942. Kuskure a irin wannan wuri ba ya gyaruwa a zamanin wanda ya yi shi. Sabo da haka daidai ne hukunci ya zauna a hannun Gwamnati, wadda jama'a duka ke iya tuhuma.

Abin da ya rage shi ne a ɗaure shawara da amsa. Ko wace shawara da majalisa ta zartar, ya zama wajibi Hukuma ta mayar da jawabi a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, ta ce ta karɓa, ko ta ƙi sabo da dalili kaza. Kujerar da ta zama wofi kuma a bar mai ita ya ci gaba da zama har a naɗa magajinsa. Tarurrukan da doka ta ajiye kuwa kada wani Minista ya iya soke su. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da zai rage ikon Gwamnati, sai dai su tilasta mata ta faɗi hujjarta a fili.

Bukatar wannan ta ƙaru, domin yanzu masu neman hamada sun fi na da ƙarfi. Tashar lantarki mai aiki da hasken rana da aka buɗe a Ivanpah a 2014 ta ci eka wajen 3,500, an kuma tarar da kunkuru a wurin fiye da yadda aka ƙiyasta, aka kwashe su. A 2016 aka ware eka 388,000 domin irin waɗannan ayyuka. Mutumin da ya bar aikinsa ya yi tafiyar mil ɗari cikin zafi don ya yi magana ta 'yan mintoci a gaban majalisa bai nemi sarauta ba. Abin da ya ke nema shi ne, in an ƙi maganarsa, a gaya masa dalili.