Jinjina ga Kanikawan Fambel

Duk wanda ya ga Hilux ta ɗauki kaya ta doshi Tenere daga Agadas, ko ya ga DAF tana hawan tudu da lodin hatsi, ƙarfin inji yake yabawa, alhali kuwa akwai wasu bayin Allah, kanikawa ma'abota basira, waɗanda da ba don hikimarsu ba, da ƙarfin nan bai kai ko'ina ba. Su ne suka san cewa fambel, duk da ƙanƙantarsa, shi ke ɗauko juyi daga karanshaf ya kai wa famfon ruwa da altaneta, ta yadda in ya tsinke, sai lagireto ya tafasa, batir ya mutu a tsakiyar daji.

Ka tsaya ka dubi gwani a Ƙofar Ruwa ta Kano yana zaɓe: ya lanƙwasa fambel yana neman tsaga, ya juya boris kusa da kunnensa yana sauraron ƙara. In mai mota ya ƙara fitilu, sai ya sa masa altaneta mafi ƙarfi, sa'an nan ya daidaita ɗaurin fambel da babban yatsa, domin tsananin ɗauri yana cin boris, sassauci kuma yana sa santsi. Lalle wannan ilimi ne da amana, Allah Ya saka musu da alheri.