Gajeren gashi da alkawarin sauƙi

Tun wajen shekarar 2023 mujallun ado na Turai da shafukan Instagram da TikTok suka sake tada wani tsohon yayi, wato datse gashin mace daidai haɓa ko ƙasan kunne, abin da Faransawa ke kira «carré», masu Ingilishi kuma «bob». Lokaci-lokaci a kan raɗa masa sabon suna, yau na Faransa, gobe na Italiya, amma tallar ɗaya ce: wai ado ne marar wahala, a wanke kai a fita. Tun da hotunan sun iso wayoyin ƴan matanmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya kamata mu auna wannan alkawari.

A ƙasarsa ta asali, yayin yana da ma'ana mai nauyi. Bayan yaƙin duniya na farko, matan Turai da suka saba da aikin masana'antu da ofisoshi sun gaji da dogon gashin da ke cinye musu safiya. A 1922 Victor Margueritte ya fitar da littafinsa La Garçonne, labarin budurwa mai zaman kanta. Ƙurar da ya tayar ta sa aka ƙwace masa lambar girma ta Légion d'honneur a 1923, sunan littafin kuma ya bi gajeren askin. A 1963, a birnin Landan, Vidal Sassoon ya datse gashin ƴar wasan silima Nancy Kwan, ya nuna cewa almakashi kaɗai ya isa ya ba gashi siffa, ba sai an naɗe shi an daskarar ba. Abin da waɗannan mata suka samu shi ne lokaci.

Sai dai dabarar Sassoon tana da sharaɗi: gashi miƙaƙƙe mai zubowa da nauyin kansa. Ko a can ma, sai an koma wurin mai aski bayan mako shida ko takwas, in ba haka ba layin ya lalace. Gashinmu kuwa murɗaɗɗe ne, sama yake tashi. Wadda ke son ya kwanta kamar na hoton, ko dai ta gasa shi da ƙarfe, ko ta shafa maganin miƙarwa, ko ta sayi hular gashi, wadda galibi daga masana'antun birnin Xuchang na ƙasar Sin take fitowa. Maganin yana ƙona fatar kai, yana karya gashi. A 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, bayan sun bi mata fiye da 33,000, sun sami alaƙa tsakanin yawan amfani da shi da sankarar mahaifa. Ke nan ganin kitse ake wa rogo.

Abin mamaki shi ne, sauƙin da ake tallatawa ya daɗe a hannun makitsanmu. Shuku ko kalaba na zama ɗaya ne, ya kai mako biyu ko fiye, yana jure ƙurar hunturu da zafin bazara, yana kwanciya lafiya ƙarƙashin kallabi, ba ya neman lantarki. Shi ma ba ya rasa aibi: in aka ja shi da ƙarfi yana cinye gashin goshi, kuma wannan gyara ne da ya rataya a wuyan makitsa. Amma kuɗinsa a unguwa yake tsayawa, yana ciyar da gidaje.

Ba mu ce kowace mace ta tsaya ga dokar kakanninta ba. Ado yana tafiya da zamani. Abin da ya cancanci aro daga matan 1920 shi ne tambayar da suka yi: wane gyara ne zai bar mini lokacina da lafiyata? Siffar askin kuwa kayan aro ce, ba ta rufe katara. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya gasar kokawa da waƙa, me zai hana su buɗe fili ga makitsa, su ƙirƙiro gajeren kitso mai sauri wanda ya dace da ɗaliba da ma'aikaciya?