Lanƙwasa a Jikin Zane Ba Hujja Ba Ce

A 2008 Rattazzi, Rychkov, Tonni da Vichi suka farfaɗo da dabarar butstiraf, wadda Polyakov yana cikin waɗanda suka aza harsashinta a 1974, domin nazarin ƙa'idojin kwantam da ba sa sauya kama ko an faɗaɗa ma'auni ko an tsuke shi. Dabarar ba ta buƙatar a san cikakken lissafin ƙa'idar, sharuɗɗan daidaito kawai ake ba kwamfuta, ita kuma ta shata iyaka tsakanin mai yiwuwa da marar yiwuwa.

Abin haushin shi ne ɗabi'ar farautar lanƙwasa. Da aka tarar a 2012 cewa tsarin Ising mai fuska 3, wanda ke bayanin yadda maganaɗisu ke rasa ƙarfinsa idan ya yi zafi, yana zaune daidai inda layin iyakar ya lanƙwashe, sai kowace 'yar kwana a jikin zane ta zama abin shagali, musamman a fagen sufasimetiri, wato daidaiton da ke ba kowane boson abokin tagwaici daga jinsin famiyon. Mai awon fili yana iya kafa turaku a kusurwa, amma turakun ba sa nuna cewa akwai gida a wurin, balle su faɗi sunan mai shi. Lanƙwasar da Poland, Simmons-Duffin da Vichi suka gano a 2011, a ƙa'idojin fuska 4 masu mafi ƙarancin sufasimetiri, ta sha bincike shekara da shekaru, an ma raɗa mata suna "ƙaramar ƙa'ida", alhali ba a tsayar da magana kan wace ƙa'ida ce ba. Duk da haka ana ta ƙara ƙarfin kwamfuta, ana wasa layin, kamar kaifinsa zai maye gurbin bayani.

Gaskiya ne cewa ƙa'idar sufasimetiri mai fuska 6 da ake kira (2,0) ba a san mata Lagaranjiyan ba, wato lissafin da aka saba farawa da shi, don haka aikin da Beem, Lemos, Rastelli da van Rees suka yi a kanta da dabarar butstiraf a 2015 ya cancanci yabo. Sai dai ginshiƙinsa shi ne abin da aka gano tun 2013, cewa wani sashe na irin waɗannan ƙa'idoji yana bin aljabarar fuska 2, kuma da alƙalami aka fitar da shi.

Ɗalibin Kaduna ko Zariya da ke sha'awar fagen nan ya fara ƙwarewa a wannan aljabarar kafin ya nemi SDPB, manhajar lissafin butstiraf.