Fiyano da Kukuma: Tarke a Kan Ma'aunin Sautin Waƙar Baka

A wani biki da na halarta a Gwagwalada, bayan aiki ya kawo ni Abuja, an haɗa makaɗin kukuma da mai fiyano a dandali ɗaya. Mai fiyanon ya yanke hukuncin cewa kukumar ba ta saitu ba, aka tilasta wa dattijon ya sake ɗaure izgarsa. Wannan maƙala tana ƙalubalantar wannan hukunci, domin irinsa ya daɗe da kutsawa cikin nazarin waƙar baka.

Da farko, shi kansa fiyano sulhu aka yi kafin a saita shi. A 1885 Alexander Ellis ya yi amfani da ma'aunin da ya raba zango, wato tazarar sauti da ninkinsa, gida 1,200, kowane gida sunansa senti. Tazarar da kunne ya fi aminta da ita bayan zango ita ce ta uku bisa biyu, mai senti 702. Idan aka jera ta sau 12, sai ta zarce zango 7 da kimanin senti 23. Wannan ɗan giɓi, wanda ake jingina wa Faisagoras, babu lissafin da zai share shi. Dabarar da Turawa suka tsaya a kai ita ce su aske kusan senti 2 daga kowace tazara, su mai da ita 700. Sakamakon haka tazarar biyar bisa huɗu, mai senti 386, ta koma 400. Ashe ma'aunin ma da tawaya.

Ita kuwa kukuma tsirkiya ɗaya gare ta, kuma ba ta da matakala a wuyanta. Yatsan makaɗi yana zamewa ne yana bin maƙogwaron mawaƙi, kamar yadda ake ji a faya-fayan Hassan Wayam da Ibrahim Na Habu. Larabawa ma sun yi wannan gardama a taron Alƙahira na 1932 kan raba zango gida 24, suka tashi ba matsaya ɗaya.

Abin da ya shafi masana harshe shi ne, Hausa tana da karin sauti, kuma karin sama yakan yi ta gangarowa har ƙarshen jimla. Tun nazarin Paul Richards na 1972 ake auna dangantakar karin harshe da karin waƙa. Manazarcin da ya cusa muryar mawaƙi cikin matakala 12 na fiyano ya zubar da duk abin da ya faɗa tsakanin matakalan, alhali nan ne wurin bincike. A ganina, wannan sakaci ne, tun da manhajar Praat da muke auna wasula da ita tana iya auna muryar Shata da kirarin kukuma.

Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, kuma da shi kunnen matasa ya saba. Don haka faya-fayan da aka ɗauka kafin wannan lokaci su ya kamata a fara aunawa.