Tankin gilashi ya shigo gari, a zuba masa kifin kogunanmu

A da sai mutum ya shiga babban otal a Kano ko Abuja kafin ya ga kifi yana yawo a cikin akwatin gilashi. Yanzu abin ya sauko. Ana ganinsa a gidajen abinci da falon masu hali, har samarinmu na Birnin Kudu da Gwaram da nan Farin Dutse, waɗanda suka saba kallonsa a TikTok, sun fara tambayar masu yankan gilashi nawa za a haɗa musu. Ni ina murna da wannan sha'awa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin ta: a haɗa tanki da safe, a cika shi da ruwa da azahar, a juye jajayen kifi goma daga leda da la'asar, kafin mako biyu an kwashe gawarsu. Sai mai gida ya ce an sayar masa da marar lafiya, ko kuma ya ce kambun baka ne.

Gaggawa ce ta kashe su. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta kashinsa da numfashinsa. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita, a tanki kuwa babu inda za ta je. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a jikin soson matata da tsakuwa, suna mayar da ita wani sinadari mai sauƙin illa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, sai an yi mako huɗu zuwa shida matata tana aiki, ana ɗan jefa abincin kifi yana ruɓewa a ciki. Wanda bai iya kallon tanki babu kifi na wata guda ba, to bai shirya kiwon ba tukuna. Kuma bayan an zuba, kada a wanke soson nan da sabulu, a ɗauraye shi da ruwan tankin kawai, a riƙa canja rubu'in ruwan kowane mako. Ruwan famfo yana iya zuwa da kilorin, na burtsatse kuma yana fitowa da ƙarancin iska, don haka kowannensu yana buƙatar ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Mutane suna zaton ƙaramin tanki ya fi sauƙi ga sabon shiga. Babba ya fi yafe kuskure, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɓaci, ba ya saurin zafi ko sanyi. Sai dai a san nauyinsa. Tanki mai tsawon santimita 150, faɗi 50, zurfi 60 yana cin lita 450, wato kilo 450 na ruwa kaɗai. In an haɗa gilashi da yashi da duwatsu ya haura rabin tan. Wannan ba kayan teburin katako ba ne, dakalin siminti yake so ko ƙarfe da mai walda ya daidaita da kyau, kuma gilashin kada ya gaza kaurin milimita 10.

Babbar maganata dai a kan kifin da ake zaɓa ce. Jan kifin nan mai ruwan zinariya da kowa ke nema, Sinawa ne suka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ya fi jin daɗin ruwa mai ɗan sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana kai maki 40. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take yi, ga wuta da ake ɗaukewa ta kwana ba a kawo ba. Na'urar hura iska ta tsaya, da asuba a tarar da kifi a saman ruwa yana haki. Wanda ya nace sai baƙon kifi, to ya fara sayen farantin sola da batir kafin ya sayi kifin.

Alhali Allah Ya ba mu kifin da aka halitta domin wannan yanayi. Dubi gwando, mai doguwar siffa da jerin ƙayoyi a gadon baya: yana da huhu, yana leƙowa sama ya shaƙi iska, don haka ɗaukewar wuta ta dare guda ba ta kashe shi. Masu sha'awar kifi a Jamus da Japan da Amurka suna biyan kuɗi su saya, kuma ta Legas ake fitar da irinsa da wasu kifayen Najeriya zuwa can. Dubi kurungu, wanda a cikin danginsa akwai mai iyo a rigingine, ciki sama, abin da Misirawan dā suka zana a bangon kaburburansu. Karfasa kuma uwar tana ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka firgita su koma cikin bakin. Masunci zai shekara yana kama ta bai ga wannan da idonsa ba, amma yaro a gaban gilashi zai gani.

Kowannensu da halinsa. Gwando yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, kuma yana tsallake tanki in babu murfi. Karfasa tana tone yashi ta tumɓuke shuka. Tarwada tana girma ta cinye abokan zama, a bar ta a tankin kiwo. Minjirya kuwa, da yara a gida, kada ma a fara. Duk kifin da aka kawo daga kogi a ware shi a wani baho na makonni a tabbatar da lafiyarsa tukuna.

Ado ma ba sai an je Kano neman furen roba ba. Duwatsun Birnin Kudu irin masu taurin nan ne da ba sa narkewa su ɓata ruwa, yashin kogi kuma in an wanke shi sosai ya isa. Takashi Amano, Bajapanen da ya rasu a 2015, ya yi suna a duniya ne saboda yana shirya tanki da dutse da itace da shuka mai rai, ya fito kamar wani yanki na daji a ƙarƙashin ruwa.

Akwai wani dalilin da ya fi ado nauyi a wurina. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, sannan Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta kuma sun daɗe suna kukan raguwar kamu. Yaranmu da yawa tarwadar tanki kaɗai suka sani. Tambaye su yauni ko tsage ko gaiwa mai kwana cikin taɓo duk rani, sai su yi shiru. Tanki guda a makarantar sakandare, da kifin gida a ciki da sunan kowanne a rubuce, zai yi aikin da allo bai yi ba.

Kifin da ka kulle a gilashi amana ne, ba ya iya zuwa neman abinci ko ruwa mai kyau da kansa. In ka gaji da baƙon kifi ka ba wani mai tanki, kada ka sake shi a kogi ko kududdufi. In kuma yanzu kake shirin haɗa naka, ka fara zuwa bakin kogin Gwaram ka zauna da masunta, su nuna maka abin da ke cikin ruwanka.