Matambayi Ba Ya Ɓata? Injunan Binciken Intanet Bisa Ma'auni

Magabata sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sun faɗi haka ne a zamanin da mutum ke tambayar mutum ɗan'uwansa, yana duban fuskarsa, ya san gidansu, ya kuma san ko mai gaskiya ne ko tsohon maƙaryaci. Yau ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da malamin lakwal a Tasawa, da ɗan kasuwar Maraɗi mai neman farashin kaya a Dubai, duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, wato ɗan farin akwatin nan na Google. Kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a duniya ta nan yake bi. Abin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a aza shi bisa ma'auni kamar yadda ake aza littafi ko fim a waɗannan shafuka, a kuma gwama shi da abokan gasarsa irin su Bing, DuckDuckGo, Qwant da Brave.

Kafin a yi hukunci, ya kamata mai karatu ya san cewa injin bincike ba ya fita yawo cikin intanet a lokacin da aka tambaye shi. Tun da wuri yake aika wasu ƙananan manhajoji su bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, suna kwafe abin da suka tarar suna zubawa a wani makeken rumbu. In ka yi tambaya, rumbun ake buɗewa. Saboda haka ingancin amsa ya rataya ne ga abin da aka zuba cikin rumbun, da kuma hannun da ke zaɓen abin da za a ɗora a sama. AltaVista, wanda ya fito a ƙarshen 1995, ya dogara ƙwarai ga kalmomin da ke cikin shafi, shi ya sa masu wayo suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari don su hau sama. Dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka zo da ita daga Jami'ar Stanford, suka kafa Google a kanta a 1998, ita ce a auna shafi da yawan shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi, kuma nunin babban shafi ya fi na ƙarami nauyi. Kamar dai a auna mutum da waɗanda suka shaide shi. Sai dai shaidar nan ta shahara ce, ba ta gaskiya ba, kuma harshen da ba shi da shafuka masu yawa ba shi da masu shaida. AltaVista dai ya yi ta ramewa har Yahoo ta rufe shi a 2013.

Rumbunan kansu ba su da yawa. Google na da nasa, Microsoft na da na Bing tun 2009, Rasha na da Yandex, Sin na da Baidu. Sauran galibi ƴan sari ne. Yahoo ta ƙulla yarjejeniya a 2009 ta koma karɓar amsoshinta daga Bing. DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, shi ma mafi yawan amsoshinsa daga can suke. Qwant na Faransa, da ya fito a 2013 da tutar ƴancin Turai daga kamfanonin Amurka, ya daɗe yana jingine da Bing ɗin nan na Amurka, sai a 2024 shi da Ecosia na Jamus suka ba da sanarwar gina rumbu na haɗin gwiwa. Brave ne ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa, ya daina aro daga Bing a 2023. Don haka wanda ya gwada Yahoo da Bing da DuckDuckGo ya ce ya ji ta bakin shaidu uku, kusan shaida ɗaya ya ji cikin riguna uku.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin mai bincike da Faransanci da mai bincike da Hausa ba gona ɗaya suke noma ba. Ɗauki sunan ƙasarmu. In ka rubuta shi da Hausa, akwai wani gari a lardin Almeriya ta ƙasar Sifen mai suna Níjar, kuma shafukan da ke magana a kansa da Sifaniyanci ba kaɗan ba ne. In ka rubuta shi da Turanci, ka shiga rububi da jihar Neja, da yankin Neja Delta, da kogin Kwara. Tawa kuwa sunan wata unguwa ce a birnin Wellington, kuma sunan kaskon tuya ne a Indiya. Gaya tamu ta yankin Doso tana da takwara a Kano, tana da wata babba a jihar Bihar. Injin da ya san inda kake zaune, ya san abin da ka nema jiya, shi ne zai fi saurin gane wace Gaya kake nufi. A riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi.

Sai rubutun sunaye. Tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya shiga rumbunan ne ta ƙofar Faransanci, da rubutun Sarraounia, albarkacin littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Wanda ya rubuta sunan yadda bakinsa ke faɗa, sai ya ratsa ta cikin labaran Sarauniya Amina, da Daurama, da sarauniyar Ingila kafin ya iso Lugu. Haka mawaƙin Adar Ɗan Gurmu: sai ka mai da shi Dan Gourmou sannan ƙofa ta buɗe sosai. Wato Bahaushen Nijar na bukatar sanin yadda Bafaranshe ya ji sunan kakansa kafin ya same shi.

Haruffa masu ƙugiya ma suna da nasu rikicin, kuma dalilinsa na fasaha ne. A tsarin Unicode, harafin é na Faransanci ana iya warware shi ya zama e da ƴar alama a kansa, don haka cikin sauƙi inji ke gane cewa été da ete dangi ne. Harafin ƙ kuwa, da ɗ da ɓ da ƴ, kowane mai zaman kansa ne, ba a warware shi. Sai wanda ya gina injin ya koya masa da gangan cewa ƙasa da kasa na iya zama kalma ɗaya a hannun mai rubutu da waya, alhali a bakin mai magana ma'anarsu daban. Ƙari a kan haka, mu muna rubuta ƴan, maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta 'yan, mai gaggawa kuma ya rubuta yan. Ɗan rubutun Hausar da ke akwai ya rabu gida uku.

A wannan fage, a ganina, Google ne gaba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Rumbunsa ya fi faɗi, ya fi iya gyara kuren rubutu, ya kuma sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun Disamban 2013. Bing da ƴan sarinsa suna yin abin kirki da Faransanci da Turanci, amma da Hausa sukan tsaya ga manyan gidajen rediyo na waje da Wikipedia. Brave ya fi su ƙaramin rumbu, sai ka ji ƙasan tukunya da wuri. Amma fifikon Google ba ya nufin abin da yake kawowa mai kyau ne. Intanet ta cika da shafukan da aka juya daga Turanci da na'ura, kalmomin Hausa ne amma ƙashin bayan jimlar na wani harshe ne, an yi su don a tara masu dannawa a sayar da talla. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: a farkon 2024 masana na jami'o'in Leipzig da Weimar a Jamus sun fitar da sakamakon shekara guda suna bin Google da Bing da DuckDuckGo da tambayoyi fiye da 7,000 kan kayan saye, suka tarar dukansu suna fama da shafukan da aka ƙera don yaudarar inji. In haka ta faru da Turanci mai dubban masu tsaro, ina ga Hausa?

Game da fuskar shafi kuwa, waɗanda suka zauna a sibar a farkon shekarun 2000, agogo na cin kuɗinsu, layin waya na jan ƙafa, sun san dalilin da ya sa aka guje wa Yahoo da Voila aka koma Google. Waɗancan sun cika ƙofarsu da labarai, da hasashen yanayi, da hotuna masu ƙyaftawa, shi kuwa fari fat, suna da akwati kawai. Abin mamaki, a takardar da Page da Brin suka rubuta a 1998 sun yi gargaɗin cewa injin da talla ke ciyarwa zai karkata ga masu talla ya bar masu bincike. Shekara biyu bayan haka, a 2000, kamfaninsu ya buɗe AdWords. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ƙofar tana nan da farinta, amma cikin ɗakin ya cika: talla a sama, wadda dā take da launi na daban yanzu kuwa sai ɗan rubutu ke bambanta ta da amsa, sannan taswira, bidiyoyin YouTube, da jerin tambayoyin da ba ka yi ba. A kan allon Tecno ko itel sai yatsa ya gaji kafin a iso amsar farko. Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar yuro miliyar 2.42 a 2017 saboda fifita sashensa na kwatanta farashi a kan na wasu, kotun ƙolin tarayyar ta tabbatar da tarar a 2024.

Bing ya fi kowa kwalliya, da katon hoto da labarai tun daga ƙofa, kuma kowane hoto mega yake ci, mega kuwa da kuɗi ake saye. DuckDuckGo ya fi su natsuwa, ko da yake shi ma yana da talla.

Tun watan Mayun 2024 Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa da na'ura ke tsarawa a saman komai. A makonnin farko ta ba Amurkawa shawarar zuba gam cikin miyar fiza, abin da ta tsinto daga barkwancin wani a Reddit. An yi dariya an gyara. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan amsa tana zuwa da murya ɗaya mai tabbaci, ta ture masu ruwaya zuwa gefe, mai tambaya kuma ya karanta ya tafi bai buɗe shafin kowa ba. Marubucin da ya yi wahalar rubuta abu da Hausa mai kyau ya rasa mai karatu, rumbun da dama bai cika ba ya rasa mai zuba masa hatsi.

Yanzu mu koma ga abin da na ce a riƙe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma mutum na faɗa wa injin bincike abin da ba zai faɗa wa mahaifiyarsa ba: ciwon da yake jin kunyarsa, bashin da ya hana shi barci, rashin haihuwa, hanyar Agadas zuwa Libiya. A watan Agustan 2006 kamfanin AOL ya saki tambayoyi kimanin miliyan 20 na mutane wajen 650,000 don amfanin masana, ya cire sunaye ya sa lambobi. Cikin ƴan kwanaki manema labaran New York Times suka bi tambayoyin lamba ɗaya har ƙofar gidan wata dattijuwa a jihar Jojiya. Ba a bukaci sunanta ba, tambayoyinta sun isa. A 2013 takardun da Edward Snowden ya fallasa suka ambaci Google da Microsoft da Yahoo cikin kamfanonin da hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanai ta wurinsu. A 2019 hukumar CNIL ta Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 50 kan rashin bayyana wa mutane yadda ake amfani da bayanansu. A 2024 kuma kamfanin ya yarda ya goge ɗimbin bayanan da ya tara daga masu amfani da tagar sirri ta Chrome, waɗanda suka zaci ba mai ganinsu. Tagar nan tana ɓoye ka ne daga ƙanenka da zai ari wayar, ba daga shafukan da ka shiga ba. A gidajenmu, inda waya ɗaya ke bin hannu biyar, wannan ma ba ƙaramin rufin asiri ba ne, amma a san iyakarsa.

DuckDuckGo da Qwant da Brave sun yi alkawarin ba sa tara tarihin kowa. Alkawari ne da mai bincike ba shi da hanyar auna shi da kansa, kuma a 2022 aka gano manhajar shiga intanet ta DuckDuckGo tana ƙyale wasu ƴan saƙon Microsoft su wuce saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu, sai da aka yi ca sannan suka toshe. Duk da haka tsarin cinikinsu ya bambanta: tallarsu na bin kalmar da ka rubuta yanzu, ba ta bin tarihinka. Shawarata ga mai karatu ita ce ya raba tambayoyinsa. Ta ciwo da ta sirrin gida, wadda galibi da Faransanci za a yi ta, a kai ta inda ba a ajiye tarihi, amsar ba za ta gaza sosai ba. Ta Lugu da Ɗan Gurmu kuwa, ba makawa sai Google, domin nan ne kaɗai ake da fatan samun wani abu. Bafaranshe na iya ƙaura gaba ɗaya bai yi asara mai yawa ba, Bahaushe bai kai ga wannan gata ba tukuna. Nijar ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2017, ta kuma kafa hukumar HAPDP, sai dai rumbunan da ake magana a kansu suna can ƙetaren teku.

Akwai masu cewa ai mutane ne suka zaɓi Google da kansu. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ta nuna cewa a 2021 kaɗai ya biya dala miliyar 26 da ɗoriya (dalar Amurka, ba tamu ta tamma biyar ba) ga masu ƙera waya da masu manhajoji don ya zama shi ne injin da ake tararwa a ciki. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya riƙe kasuwa ta haramtacciyar hanya, a Satumban 2025 kuma ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da ke rufe ƙofa ga wasu, amma bai tilasta masa sayar da Chrome ba. A Turai, tun 2020 sabuwar wayar Android kan tambayi mai ita wane inji yake so. Wayar da aka saya a kasuwar Dole ta Damagaram ba ta yin wannan tambaya, sai mai ita ya shiga saitin Chrome ya canza da hannunsa.